Frederick Banting, likitan da ya sayar da insulin a kan dala ɗaya

In a gidanku, a Kankia ko Kusada, akwai mai ciwon suga da ke ajiye kwalbar insulin a gindin randa saboda rashin wuta, to ya kamata ka san sunan wannan bawan Allah.

An haifi Banting a Alliston, ƙasar Kanada, ranar 14 ga Nuwamba 1891. Ba wani gwanin aji ba ne fa, shekararsa ta farko a jami'a ma faɗuwa ya yi. Daga baya ya koma karatun likita, ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ji masa rauni a Faransa a 1918. Da ya dawo ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, amma kasuwa ta ƙi, yini guda sai hamma.

Ka fara gane cutar tukuna. A bayan tumbi akwai wata gaɓa, fankiriyas, ita ke fitar da insulin, shi kuma yake shigar da sugan jini cikin tsoka da kitse don jiki ya amfana. Wani gaɓar ce ke daina fitar da shi, wannan ya fi kama yara. Wani kuma tana fitarwa amma jikin ya daina jin maganarsa, wannan ne ya fi yawa a manya, kuma ƙiba da zaman wuri ɗaya na ƙara shi. A wancan zamanin yaron da ya kamu da na farkon, horon yunwa kawai ake masa har ya rasu.

A watan Mayun 1921 Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto ya ba Banting ɗakin gwaji, da karnuka, da ɗalibi mai suna Charles Best. Karnuka da yawa sun mutu kafin su tatso ruwan da ke saukar da suga. James Collip ne ya tace shi har ya dace da jikin mutum. A Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14 da ya rame ƙashi da fata, allura. Ta farko ba ta yi ba, ta biyu ta tashe shi. Ya ƙara shekara 13 a duniya.

Nan ne ya fi burge ni. A 1923 shi da Best da Collip suka miƙa wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin, kowa ya karɓi dala ɗaya. Yau je ka kemis ka tambayi kuɗin kwalba guda ka ji.

Amma mutumin akwai zuciya. Da aka ba shi kyautar Nobel tare da Macleod a shekarar, ransa ya ɓaci don an bar Best, sai ya raba kuɗinsa biyu da shi.

Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu 1941 bayan jirgin sama ya faɗi da shi a Newfoundland, yana da shekara 49. Ranar haihuwarsa ce aka mayar Ranar Ciwon Suga ta Duniya.