Muhammadu Ali, zakaran da ya karɓo kambinsa a Afirka

An haifi marigayi Muhammadu Ali a ƙasar Amurka a 1942. Ya zama zakaran duniya na damben masu nauyi a 1964, shekarar da ya bayyana musuluntarsa. A 1967 aka ƙwace masa kambi don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam.

Ran 30 ga Oktoba 1974 ya kara da George Foreman a Kinshasa, wajen ƙarfe 4 na dare, agogo ɗaya da na Tunuga da Gaya. Ba a taɓa kayar da Foreman ba, amma kafin gari ya waye Ali ya shimfiɗe shi a turmi na 8. Dattawan da suka kwana jikin rediyo a daren nan har yau suna ba jikoki labari.

Ya rasu a 2016.