Tafawa Ɓalewa: Firaministan da ya kori jakadan Faransa saboda ƙurar nukiliya

Duk shekara idan hunturu ya kama, hazo kan taso daga Sahara ya lulluɓe Katabu da sauran garuruwan Arewa. A 1960 wannan iska ta zama abin fargaba, kuma Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya tsaya wa jama'a a kan lamarin.

An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, ya kuma rubuta littafin Shaihu Umar. A Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna aka fara jin amonsa, inda a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da ba kowa ke iya taɓa sarakuna ba. Ya zama firaminista a 1957.

Ranar 13 ga Fabrairun 1960, Faransa ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko kusa da Reggane, a hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Burbushin irin wannan fashewa ba ya sanin iyakar ƙasa: iska ke kwasarsa, ya sauka a gonaki da rijiyoyi da wuraren kiwo, cutarsa kuma kan bayyana bayan shekaru. Ƙasashen Afirka sun yi ta kuka, Faransa ta yi kunnen uwar shegu, har ta yi gwaji na uku ranar 27 ga Disamba.

A farkon Janairun 1961, watanni uku kacal da samun 'yancin kai, gwamnatin Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa shigowa Najeriya. Matakin ya ba da mamaki, domin an san shi da sanyin hali da kusanci da Turawan Yamma. An shafe shekaru kafin hulɗar ta dawo.

Sojoji sun kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, aka binne shi a Bauchi.

Yau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da ƙaramar tashar binciken nukiliya, gwamnati kuma na zancen gina babbar tashar lantarki ta nukiliya. Tambayar da Ɓalewa ya fuskanta tana nan: idan haɗari ya auku, wa zai fifita lafiyar talaka a kan ɓacin ran manyan ƙasashe?