MALAM MUHAMMADU BAKATSINE, GWANIN LISSAFI

Kowace shekara idan jarrabawar fita sakandare ta gabato, malaman makarantu, tun daga Birnin Gwari har Daura, su kan yi kuka da abu guda. Yaran da aka zaɓa don lissafi mai zurfi, da zarar an kai su ga kalkulas, watau lissafin yadda abu ke canjawa da yadda a ke auna fili mai lanƙwasa, sai gwiwarsu ta yi sanyi, waɗansu har su ce wannan ilmin Turawa ne, ba a halicce mu dominsa ba. Saboda waɗannan yara da malamansu mu ke kawo labarin wani mutumin ƙasar Katsina wanda malaman Masar suka zauna gabansa suna ɗaukar lissafi.

Sunansa a littattafan Larabci Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, watau Bafillace Bakatsine. A kan ƙara masa da al-Danrankawi, don danganta shi da garin Ɗan Ranko. Bai fara da lissafi ba. Wajen shekara huɗu ya yi yana bin wani malami, Shehu Muhammadu Fodi, a gida da tafiya, yana karanta nahawu da sarfu da adabi. Da fari malamin ya kan kira shi mai Maƙama, saboda ya haddace ta. Da ya ga yadda ya ƙware a nahawu sai ya sake masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi. Ya kuma yi karatu wurin Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi. Amma wanda ya buɗe masa ƙofar ƙidaya shi ne Shehu Muhammadu Bindu, a wurinsa ya ɗauki hisabi, da sanin lokatai, da ilmin haruffa da hatimi, bisa hanyar malaman Magrib.

A shekara ta 1142 ta Hijira, watau 1730, ya yi aikin Hajji, ya zauna Makka. Can ya soma wallafa littafinsa Durrul Manzum, a kan taurari da asirai, ya gama shi a Alƙahira cikin Rajab na 1146. Ya rubuta wani a kan manɗiƙi, wani kuma a kan nahawu. Amma wanda ya sa masana lissafi ke ambatonsa shi ne Bahjatul Afaƙ, na wajen 1732, wanda ya yi a kan hatimi.

Hatimi kuwa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kowa ya gan shi a jikin allo ko cikin laya. Abin da a kan yi da shi na tsibbu wannan wata magana ce dabam, malamai sun daɗe suna saɓani a kanta, shi ma Malam Muhammadu bai raba lissafin da asirin ba, don haka zamaninsa ya ke. Mu lissafin mu ke nufi. A zana gida tara, uku-uku, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Mai ganin abin wasan yara ne ya gwada. Hanyoyin jera lambobi tara cikin gida tara 362,880 ne, guda 8 kaɗai ke fita daidai, su ma hatimi ɗaya ne a ke jujjuyawa. In aka je ga mai gida 25, wanda kowane layinsa ke ba da 65, ai mai lalube sai ya tsufa bai gama ba. Aikin Malam Muhammadu shi ne ya shimfiɗa ƙa'idodi na cika hatimi mai gefen mara, kamar uku-uku, da biyar-biyar, da bakwai-bakwai, kome girmansa. A cikinsu har da wadda a ke bi da irin tafiyar doki a wasan shataranji, gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe. Wanda ya riƙe ƙa'idar zai cika gida 81 ba tare da ya goge lamba ko ɗaya ba.

To, ina 65 ɗin nan ta fito? A tara lambobi daga 1 zuwa 25. Ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba: a ninka 25 da 26, a raba biyu, a sami 325, a raba wa layi biyar, kowane ya sami 65. Malamin da ya taɓa koyar da kalkulas zai gane wannan ƙa'ida nan da nan, gama da ita da 'yan'uwanta a ke fara nuna wa yaro yadda a ke yayyanka fili mai lanƙwasa siriri-siriri, a tara yankunan, a sami faɗinsa.

Kada dai a ɗauka mun ce shi ya ƙago kalkulas. Wannan aikin Niyuton ne na Ingila, wanda ya rasu a 1727, shekara uku kafin Hajjin Malam, da Laibniz na Jamus, wanda ya buga nasa a 1684. Sai dai abin lura, Oila, mutumin Suwizalan wanda ya tsara yawancin kalkulas ɗin da a ke karantawa a makarantu, bai raina hatimi ba. Ya rubuta a kansa a 1776, shekara 35 bayan rasuwar Bakatsine.

Malam Muhammadu ya san almajiri kan gaji. A cikin littafin nan ya gargaɗi mai koyo da kada ya yanke ƙauna in lissafi ya ƙi fita, ya ɗauki sakin aiki a tsakiya a kan jahilci da saɓa wa ƙa'idar fannin, ya kuma kwatanta mai neman wannan ilmi da mai neman abin ƙaunarsa, wanda ba ya samu sai da naci.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban masanin falaki da lissafi na wannan zamani, wanda shi kansa ya ɗauki ilmin hatimi a wurinsa. A gidan nan ajali ya same shi a 1154, watau 1741. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Ɗan Shehu Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan haka, shi ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya sa labarin baƙon ubansa cikin littafinsa Aja'ibul Asar.

A ƙasarmu Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin aikinsa a 1967. A 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hanyoyinsa cikin littafinta Africa Counts, ta dogara da wani kwafin rubutun hannu da ke Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.