Waliyi Basil Babba: Mai Sunan Sarauta, Bawan Talakawa

A ranar 2 ga Janairu kowace shekara Ikkilisiya takan tuna da Waliyi Basil Babba tare da amininsa Waliyi Giregori na Naziyanzus. Hausawa sun ce suna linzami ne, saboda haka ya kamata mu fara da sunan wannan bawan Allah.

A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sarki shi ne basileus, sarautarsa kuwa basileia. Kalmar basileia ta zo fiye da sau 150 a cikin Sabon Alkawari, ita ce kuma muke fassarawa da mulki sa'ad da muke maganar Mulkin Allah. Nauyinta ya fi karkata ga sarautar kanta, wato ikon sarki da yadda yake riƙon jama'arsa, fiye da ƙasar da yake mulka. Daga wannan saiwa sunan Basil ya fito, ma'anarsa na sarauta.

An haifi Basil wajen shekara ta 330 a Kaisariya ta ƙasar Kafadokiya, garin da ake kira Kayseri a Turkiyya ta yau. Gidansu gidan arziki ne da tsoron Allah. Kakarsa Makrina ta yi shekaru tana ɓuya a dazuzzukan Fantas a lokacin da ake tsananta wa Kirista, ita ce kuma ta koya masa bangaskiya tun yana yaro. Ya yi karatu a Kaisariya da Konstantinoful da Atina, inda abotarsa da Giregori ta yi ƙarfi. Ya komo gida masanin magana, hanyar ɗaukaka a buɗe gabansa, amma yayarsa, wadda ita ma sunanta Makrina, ta ja hankalinsa ga abin da ya fi ɗaukakar duniya. Ya karɓi baftisma, ya zaga Masar da Falasɗinu da Suriya domin ya ga zaman masu zuhudu, sa'an nan ya zauna a bakin kogin Iris da 'yan'uwa kaɗan. Ƙa'idodin da ya rubuta musu sun koyar cewa zama tare ya fi kaɗaici, domin mai zama shi kaɗai ba shi da wanda zai yi wa hidima.

Wajen shekara ta 369, yana firist, yunwa mai tsanani ta faɗa wa Kafadokiya. Basil ya sayar da gadonsa ya sayi abinci, ya ɗaura ɗamara yana raba wa mayunwata da hannunsa. Ya kuma tsawata wa mawadata masu ɓoye hatsi, yana koya musu cewa abin da ya yi musu rara hakkin mai yunwa ne. A shekara ta 370 aka naɗa shi Bishop na Kaisariya. A bayan garin ya gina babban masauki mai ɗakunan marasa lafiya da baƙi da kutare, wanda daga baya aka sa masa sunansa. A cikin Wasiƙar Yaƙub 2:8 an kira ƙaunar maƙwabci dokar sarauta, da kalma daga wannan saiwa ɗin. Basil ya gina wannan doka da tubali.

A kwanakin nan akwai wani basileus a kan gadon daular Roma ta gabas, wato Sarki Valens, mai goyon bayan koyarwar Ariyus wadda ta ƙi yarda cewa Ɗan daidai yake da Uba. Sarki ya aiko babban wakilinsa Modestus ya tsorata Bishop da ƙwace dukiya, da kora, da azaba, da kisa. Basil ya nuna masa cewa wanda ba shi da dukiya ba ya tsoron ƙwace, wanda dukan duniya ta Ubangijinsa ce ba ya tsoron kora, mutuwa kuwa za ta kai shi wurin Allah ne da sauri. A ƙarshe sarki ya bar shi a kan kujerarsa. Wajen shekara ta 375 ya rubuta littafinsa a kan Ruhu Mai Tsarki, inda ya tabbatar cewa Ruhu ya cancanci sujada tare da Uba da Ɗa. Bisa ga al'adar Ikkilisiya, ya rasu ranar 1 ga Janairu 379, bai kai shekara hamsin ba. A shekara ta 381 Majalisar Konstantinoful ta tabbatar da bangaskiyar da ya tsaya a kanta, wadda muke furtawa kowace Lahadi.

Mu ma muna da rabo a wannan suna. Waliyi Bitrus, a wasiƙarsa ta fari 2:9, ya danganta dukan masu bi da firistanci na sarauta, a ranar baftismarmu kuma an shafe mu da mai domin mu shiga sarautar Kristi. Sai mu tambayi kanmu yadda muke riƙon abin da aka danƙa mana, ko gida ne, ko ofis, ko rumbun hatsi a lokacin da maƙwabci ba shi da na tuwon dare.

Waliyi Basil, ka yi addu'a dominmu. Amin.