Tarihin Al-Jazari, Maƙerin Da Ya Sa Tagulla Ta Yi Motsi

Cikin magabata masu sana'ar hannu, da wuya a sami wanda ya kai Isma'ila al-Jazari hikimar ƙera abubuwa masu motsi da kansu. Cikakken sunansa Badi'uzzaman Abul Izzi Isma'ila ɗan Razzazu. Ana kiransa al-Jazari ne saboda ƙasarsu, Jazira, wadda ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furatu, kamar dai yadda ake ce wa baƙo Bakano ko Bazazzagi in ya sauka wani gari.

A birnin Amid ya yi aikinsa, watau Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau. Zamaninsa ɗaya da Salahuddin Ayyubi, wanda ya ci birnin a 1183 ya danƙa shi ga Nuruddin Muhammadu na gidan sarautar Artuƙ. Al-Jazari ya shekara 25 yana hidima a wannan gida, ya yi wa uba aiki, ya yi wa 'ya'yansa biyu. Na ƙarshensu, Sarki Nasiruddin Mahmudu, shi ya umurce shi ya rubuta dukan abin da ya ƙera don kada ya ɓace. Ya kammala littafin a 1206, da bayanin na'urori 50 cikin kashi shida.

Wadda ta fi shahara ita ce agogon giwa. Giwa ce ta ƙarfe, da mahayi a wuyanta, da ɗan soro a bisa ginshiƙai a bayanta. Cikin cikinta akwai tankin ruwa, da tasa mai 'yar huda a gindi tana yawo a kai. Ruwa na shiga tasar kaɗan kaɗan, har in rabin sa'a ya cika sai ta nutse. Da nutsewarta sai ta ja igiya, igiyar ta saki ƙwallon ƙarfe daga soron, tsuntsun da ke ƙololuwa ya juya, ƙwallon ya fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji. Nauyinsa sai ya rinjayi macijin ya sunkuyo ya saki ƙwallon cikin tulu, mahayin giwa ya buga gudumarsa, kowa ya ji lokaci ya yi.

To, a nan gwanintar take. Sa'ad da macijin ke sunkuyowa, sarƙar da ke jikinsa takan ɗago tasar nan ta zubar da ruwanta, ta koma bisa ruwa ta sake somawa. Watau motsin da ya ƙare zagaye guda, shi ne ke ta da na gaba. Aikin mai tsaron agogon kawai ya mai da ƙwallaye sama, ya kuma duba ruwa.

Ban da wannan, ya ƙera ɗan jirgin ruwa mai mutum-mutumin makaɗa huɗu, ana sa shi a tafki lokacin hirar fada. Ruwa ke juya wani gungume mai 'yan turaku, turakun na taɓa hannuwan makaɗan, su kuwa suna ta kiɗa. Ya kuma yi dawisu mai zubo ruwan alwala ta baki, in ruwa ya taru sai ƙofa ta buɗe, ɗan bara na tagulla ya miƙo abin wanke hannu, wani kuma ya biyo da tawul.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan sarakuna kaɗai ya sani. Biyar cikin na'urorinsa na ɗebo ruwa ne. Akwai mai kama da jigon da masu lambu suka sani a fadamun Arewa, sai dai dabba ke juya shi, guga huɗu na ɗagowa bi da bi. Akwai kuma famfo mai fistin biyu, ɗaya na zuƙo ruwa ɗaya na turawa, abin da kowane makanike zai gane da ya ga zanensa.

Al-Jazari bai yi rowar sani ba. Ya ambaci waɗanda suka riga shi, irin su Banu Musa na Bagadaza, kana ya bayyana awon kowane ƙarfe da yadda ake haɗa shi, da zane, yadda wani maƙeri zai iya bi. Na'urorin da ya ƙera da hannunsa duk sun salwanta, amma littafin ya tsira. Akwai kwafin da aka rubuta a 1206 a fadar Topkapi ta Istambul. A 1974 wani injiniya na Ingila, Donald Hill, ya fassara shi zuwa Turanci, daga baya aka bi bayanin aka sake ƙera agogon giwa a Dubai.

Galibin masana tarihi suna sa rasuwarsa a 1206, shekarar da ya aje alƙalami. Abin lura ke nan ga maƙera da makanikai da masu gyaran agogo na zangunan Agege da Sabon Ibadan: gwanin da ya ɓoye sirrin sana'arsa, da shi ake binne ta. Allah ya jiƙan al-Jazari, amin.