Ely Culbertson: Gwanin Karta da Ya Ƙare Yana Neman Gyaran Majalisar Ɗinkin Duniya

An haifi Ely Culbertson a Romaniya a 1891. Mahaifinsa injiniya ne Ba'amurke, mahaifiyarsa kuma 'yar Rasha. Juyin juya halin Rasha na 1917 ya cinye dukiyar gidansu, sai karta ta zama sana'arsa.

A Amurka ya auri Josephine, gwanar wasan bridge, wasan mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, inda kowane ɓangare yake tayin yawan cin da zai yi. Culbertson ya yaɗa tsarin da ya ginu a kan tilastawa: akwai tayin da yake wajabta wa abokin wasa ya amsa. A kan wannan ƙa'ida masana wasan suke ɗora shirun tilas. Idan ƙarfi yana hannun ɓangarenku, abokan hamayya kuma suka tsoma baki, wucewarka umarni ne ga abokinka: ko ya ƙara tayi, ko ya ninka musu tara.

Ya kafa mujallar The Bridge World a 1929. A karawar 1931 zuwa 1932 ya doke Sidney Lenz da tazarar maki 8,980, sunansa ya game Amurka.

Da yaƙi ya sake tunkaro Turai, ya karkata ga siyasar duniya. Ya wallafa Total Peace a 1943, daga baya ya yi fafutukar a rage ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, a kuma kafa rundunar tsaro ta duniya. Ya rasu a jihar Vermont a 1955. Har yau ƙasashe biyar ɗin suna riƙe da wannan iko.