Harry Brearley

Harry Brearley (an haife shi ranar 18 ga watan Fabrairu, 1871, ya rasu ranar 14 ga watan Yuli, 1948) masanin ƙarafa ne ɗan ƙasar Ingila. Shi ake yawan dangantawa da ƙirƙiro ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira sitenles a kasuwa. Ya narka irin wannan ƙarfe a birnin Sheffield a shekarar 1913, sannan ya dage sai da aka ƙera wuƙaƙe da shi, a lokacin da kamfanin da yake yi wa aiki bai ga amfanin yin haka ba.

Farkon rayuwa

An haifi Brearley a wata unguwar talakawa a Sheffield, garin da ya daɗe da yin suna wajen ƙera wuƙaƙe da narkar da sitil, wato baƙin ƙarfe da aka haɗa da ɗan sinadarin kabon domin ya ƙara tauri. Mahaifinsa, John Brearley, ma'aikacin narkar da ƙarfe ne a kamfanin Thomas Firth & Sons. Harry ya bar makaranta yana ɗan shekara 12, ya kama aikin ƙarfi a wannan masana'anta. Ba a daɗe ba aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwajen kamfanin, inda aikinsa shi ne wanke kwalabe.

Shugaban ɗakin, James Taylor, ya lura da ƙwazon yaron, ya ja shi a jiki, ya sa shi karatun lissafi da kimiyyar sinadarai. Brearley ya riƙa karatu a gida da kuma makarantar dare, har ya ƙware wajen tantance abin da ke cikin ƙarfe. Bai yi jami'a ba. A shekarar 1895 ya auri Helen Theresa Crank, suka haifi ɗa guda ɗaya. A 1902 ya wallafa littafi kan binciken kayan masana'antar ƙarfe tare da Fred Ibbotson.

A 1904 kamfanin Firth ya tura shi Riga, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuma ita ce babban birnin Latbiya. Ya je a matsayin shugaban masu binciken sinadarai na masana'antar kamfanin da ke can, daga baya ya zama manajanta. Bayan ya dawo gida, kamfanonin John Brown da Thomas Firth suka haɗa hannu suka kafa ɗakin bincike na Brown Firth a 1908, aka ba shi shugabancinsa.

Gano ƙarfe marar tsatsa

Abin da ya kai shi ga wannan ƙarfe matsalar bindiga ce. A 1912 aka nemi ya binciki dalilin da ke sa cikin bututun bindiga yake saurin cinyewa saboda zafi da gogayyar harsashi. Sai ya fara gwada sitil mai ɗauke da sinadarin kuromiyam da yawa, yana sauya ma'auninsa da na kabon. Ranar 13 ga watan Agusta, 1913, aka narka wani haɗi a tanderun lantarki mai ɗauke da kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24 cikin ɗari. Wannan rana ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar ƙarfe marar tsatsa a Ingila.

Kafin a duba ƙarfe a madubin ƙara girma, akan goge fuskarsa a shafa masa ruwan asid domin tsarin cikinsa ya fito fili. Da Brearley ya shafa wa sabon ƙarfen asid ɗin da ya saba amfani da shi, sai ya ga bai kama shi kamar yadda yake kama sauran ba. Ya gwada ruwan khal da ruwan lemon tsami, su ma ba su yi masa komai ba. Dalilin haka shi ne, idan kuromiyam ya kai kimanin kashi 10.5 cikin ɗari, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wata 'yar fata siririya a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ita ce ke hana ruwa da iska isa ga baƙin ƙarfen da ke ciki, kuma ko an karce ta, takan sake haɗuwa da kanta muddin akwai iska.

Mutumin da ya tashi a Sheffield ba ya buƙatar a gaya masa inda irin wannan ƙarfe zai yi amfani. Wuƙaƙen tebur na wancan zamani sai an wanke su, an shanya, an goge kullum, in ba haka ba su yi tsatsa. Brearley ya kai shawarar a yi wuƙaƙe da sabon ƙarfen, amma shugabannin Firth ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, kuma maƙeran da suka fara gwada shi sun yi kuka da wuyar sarrafa shi. Sai ya nufi Ernest Stuart, manaja a kamfanin wuƙaƙe na R. F. Mosley da ke Portland Works. A 1914 suka gano yadda za a gasa ƙarfen a taurara shi har ya yi wuƙa mai kyau. Stuart ne ake cewa ya ba shi sunan da ya bi shi har yau, mai nufin ƙarfen da ba ya tabo.

Rikici kan haƙƙin mallaka

Da ƙarfen ya fara karɓuwa, saɓani ya shiga tsakanin Brearley da kamfanin Firth kan wanda ya mallaki ƙirƙirar. Kamfanin yana ganin aikin ma'aikacinsa nasa ne, shi kuwa Brearley yana ganin an ture shi gefe. A 1915 ya ajiye aiki ya koma kamfanin Brown Bayley, a nan Sheffield, inda ya zama manaja, daga baya kuma darakta. Ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Amurka a 1916, sai dai ya tarar Elwood Haynes ya riga shi neman irinta a can, don haka suka haɗa haƙƙoƙinsu a kamfani ɗaya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da yawancin aikin wuƙaƙe, aka karkatar da ƙarfen wajen yin bawul na injinan jiragen sama. A 1920 Cibiyar Baƙin Ƙarfe da Sitil ta Birtaniya ta ba shi lambar zinariya ta Bessemer.

Brearley bai kasance shi kaɗai a wannan fage ba. Léon Guillet a Faransa ya yi nazarin haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyam tun farkon ƙarni na 20, Philip Monnartz a Jamus kuma ya yi bayanin yadda kuromiyam ke hana lalacewar ƙarfe a 1911. Abin da ya bambanta Brearley shi ne ya ga abin da za a yi da ƙarfen, ya kuma bi shi har ya isa hannun mai saye.

Ƙarfen da ya biyo baya

Ƙarfen Brearley na cikin rukunin da ake kira matensitik: ana iya taurara shi da wuta, maganaɗisu na kama shi, kuma ya dace da abin da ake son ya yi kaifi. Mafi kusa da shi a yau shi ne mai lamba 420. Amma yawancin ƙarfe marar tsatsa da ake amfani da shi a duniya na wani rukuni ne dabam, ostenitik, wanda ake ƙara wa sinadarin nikel. Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp a Jamus sun nemi takardar mallakar irinsa tun 1912. A Sheffield kuwa, William Herbert Hatfield, wanda ya gaji Brearley a ɗakin bincike na Brown Firth, shi ya fito da haɗin 18/8 a 1924, wato kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. An sayar da shi da sunan Staybrite.

Nikel na sauya tsarin cikin ƙarfen, ya sa shi laushin lanƙwasawa da sauƙin walda. Ba a taurara shi da wuta, sai dai yana ƙara tauri idan aka matse shi ko aka buga shi da sanyi, kuma galibi maganaɗisu ba ya kama shi. Haɗin 18/8 shi ne tushen mai lamba 304, wanda ake yin tukwane, cokula, kwanon wanke-wanke, tankunan madara da kayan masana'antar abinci da shi. Rauninsa gishiri ne: ruwan teku da sinadarai masu kulorin kan yi masa ƙananan ramuka. Saboda haka aka samar da 316, mai ɗauke da molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, domin kayan jiragen ruwa, masana'antun magunguna da gine-ginen bakin teku. Akwai kuma 304L da 316L, waɗanda kabon ɗinsu bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, don kada gefen walda ya riƙa lalacewa, da 321 da ake ƙara wa titaniyam saboda wuraren zafi kamar bututun hayaƙin inji. Ƙololuwar ginin Chrysler da ke New York, wanda aka kammala a 1930, da ƙarfen ostenitik irin na Krupp aka lulluɓe ta.

Ƙarshen rayuwa

A 1941 Brearley ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Knotted String. A wannan shekara kuma ya kafa gidauniyar Freshgate Trust, domin taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su sami damar ilimi, tafiye-tafiye da kiɗa, kuma har yanzu tana bayar da tallafi a Sheffield da kewayenta. Ya rasu a garin Torquay da ke kudu maso yammacin Ingila yana da shekara 77.